A bar ƙofar suwic a kan oto, ko a ɗaure ta da hannu?

Abba Mai Kafe: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masana. Muna da suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu ta kebul, Cisco Catalyst 2960 da muka saya na hannu, mai ƙofofi 24 na megabit 100, da wata kwamfuta da muka mayar saba muna tara aikin kwastomomi a ciki. Wani mai gyara ya zo ya ce zai ƙara mana gudu, ya shiga ƙofar da sabar ke kai ya rubuta `speed 100` da `duplex full`. Tun daga ranar, kwafe fayil ɗin bidiyo ɗaya ya koma tafiyar hawainiya. Abin da ya ɗaure mini kai, ping, ɗan saƙon gwajin layi, yana tafiya lafiya ƙalau, fitilar ƙofar kuma kore ce shar. Me ke faruwa?

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam Abba. Mai gyaran naka rabin aiki ya yi. Je ka wajen sabar, ka buɗe Device Manager, ka nemi katin sadarwar, a ƙarƙashin Advanced akwai Speed & Duplex, ka sa shi a 100 cikakke kamar na suwic ɗin. Shi ke nan. Ni tun da na fara wannan aiki ba na barin saba ko rauta a kan oto, wato inda na'urori ke sasanta gudu da dufleks da kansu. Abin da ka ɗaure da hannunka ka san inda yake.

Injiniya Hauwa: Baba barka da yamma. Maganarka za ta kashe wutar yau, amma ni da zai bi tawa, mayar da suwic ɗin oto zai yi. Kafin ka taɓa komai Abba, turo mana abin da `show interfaces` ya nuna a kan wannan ƙofar, sannan ka duba a kan wane dufleks sabar ta zauna.

Abba Mai Kafe: To Anti. Suwic ya ce Full-duplex, 100Mb/s. A ƙasa akwai input errors da CRC da runts, lambobin suna ta hawa duk lokacin da na sake bugawa. Manhajar katin sabar kuma ta nuna 100, amma rabin dufleks.

Injiniya Hauwa: Yauwa, ga ciwon nan a fili. Gefe ɗaya cikakken dufleks, wato aikawa da karɓa lokaci guda, ɗaya gefen rabi, wato bi da bi.

Bari in ɗan tsawaita, don wannan abu yana cin mutane da yawa. Idan ka cusa kebul tsakanin na'urori biyu, kafin bayani ko ɗaya ya wuce, kowacce tana aika wa 'yar'uwarta wasu gajerun bugun lantarki. Asalinsu daga 10BASE-T ne, Ethernet mai megabit 10 na shekarar 1990, inda kati ke sakin bugu ɗaya tak kusan duk milisakan 16 don kawai ya ce "ina nan da raina". Da aka fito da Ethernet mai megabit 100 a 1995, a ƙa'idar IEEE 802.3u, sai aka ɗauki dabarar NWay ta kamfanin National Semiconductor aka mayar da bugu ɗayan nan jeri guda: bugu 17 na riƙe lokaci, a tsakaninsu gurabe 16. In akwai bugu a gurbi, 1 ke nan, in babu, 0. To waɗannan bit 16 su ne takardar gabatar da kai. Biyar na farko suna cewa "ni Ethernet ce". Na gaba kuma kowanne da abin da yake shela: ina iya 10 rabi, ina iya 10 cikakke, ina iya 100 rabi, ina iya 100 cikakke, ina gane saƙon dakata. Akwai kuma bit ɗaya na "na ji ka", wanda na'ura ba ta ɗagawa sai ta karɓi saƙo iri ɗaya sau uku a jere.

Da kowa ya ji na kowa, babu wani ja-in-ja. Dukansu suna da jadawalin fifiko iri ɗaya a cikinsu, sai kowa ya ɗauki mafi girma daga abin da suka yi tarayya a kai. Gudu ne a gaba, dufleks na biye, shi ya sa 100 rabi ya fi 10 cikakke daraja a jadawalin.

Da mai gyaran ya rubuta waɗancan layuka biyu, suwic ɗin ya daina aika wannan takarda gaba ɗaya. Sabar tana ta gabatar da kanta, ba wanda ya amsa. Sai ta koma ga hanya ta biyu da ƙa'idar ta tanada: ta saurari irin siginar da ke shigowa. Siginar 100 daban take da ta 10, don haka gudu ta gane shi daidai. Dufleks kuwa ba ya bayyana a sigina ko kaɗan, kuma ƙa'idar ta ce in ba a gaya maka ba, ka ɗauki rabi. Sabar ba ta yi laifin komai ba, doka ta bi.

Musa Ɗalibi: Anti Hauwa Allah ya ƙara basira. Tambayata, me ya sa aka zaɓi rabi? Da an ce a ɗauki cikakke ai da Yaya Abba bai shiga wannan ba.

Malam Lawal Zariya: Musa, ka tuna lokacin da aka rubuta dokar. A 1995 na'urar da ba ta iya gabatar da kanta, galibi hob ce, tsohuwar na'urar haɗa kwamfutoci da kowa ke raba layi ɗaya a cikinta, ko tsohon kati, kuma waɗannan rabin dufleks kaɗai suka sani. Shi kansa cikakken dufleks sai a 1997 aka kammala masa ƙa'ida, 802.3x. Da an ce a ɗauki cikakke, duk wanda ya jona sabuwar kwamfuta a hob zai hargitsa wa kowa layi.

Musa Ɗalibi: Na gane Malam. To ping fa? Shi ne bai shige ni ba. In akwai saɓani ai komai ya kamata ya tsaya.

Malam Lawal Zariya: Ka san oba-oba ta 'yan sintiri? Ɗaya na magana, ɗaya ya yi shiru sai an ce masa oba. Haka rabin dufleks yake. Cikakke kuwa irin wayar salula ne, ku biyu kuna iya magana lokaci guda. Yanzu sabar Abba tana riƙe da oba-oba, suwic yana ganin salula ce a hannunsu.

Ping ƙunshi ɗaya ne ƙarami, ya je, amsa ta dawo, sai a huta daƙiƙa guda. Da wuya su haɗu a hanya. Amma da an fara kwafe babban fayil, sabar tana zuba bayani ba ƙaƙƙautawa, kwamfutar da ke karɓa kuma tana mayar da saƙonnin "na samu". Suwic ba ya jiran kowa, da ya samu sai ya tura. Sabar tana tsakiyar aikawa ta ji abu na shigowa, sai ta ce an yi karo, ta yanke ƙunshin da take aikawa. Guntun da ya riga ya fita ya isa suwic a gutsure, shi ne runts da CRC ɗin da Abba yake gani suna hawa.

Inda abin ya fi muni: a doka, karo na gaskiya a cikin bayit 64 na farko yake faruwa, kuma irin wannan kati da kansa yake sake aikawa bayan ɗan jira. In karon ya zo bayan bayit 64, sunansa makararren karo, kati ba ya sake aika shi, zubarwa yake yi. Sai TCP, tsarin da ke tabbatar da bayani ya isa, ya jira, ya ga ba amsa, ya sake turawa, ya kuma rage gudunsa don yana zaton cunkoso ne. Ya ɗan farfaɗo, a sake karo, ya sake ragewa. Shi ya sa layin megabit 100 zai koma yana ba ka abin da ko na 10 ya fi shi.

Duk wanda ya ga late collisions, wato makararren karo, a gefe ɗaya, CRC da runts a ɗaya gefen, ya fara duba dufleks kafin ya zargi komai. In duka biyun Cisco ne ma, CDP, tsarin da na'urorin Cisco ke gane juna da shi, yakan rubuta maka duplex mismatch ɓaro-ɓaro a rajista.

Baba Injiniya: Duk na yarda da bayanin nan, Hauwa da Lawal kun yi ƙoƙari. Amma ku ba ku ga abin da muka gani ba. Ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, za ka haɗa katin wani kamfani da suwic na wani, duka a kan oto, su zauna a 10 rabi ko layin ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. A ɗauke wuta, janareta ya tashi, kowa ya farka da abin da ya ga dama. Mu ba don son wahala muka koyi ɗaurewa ba. Kuma har gobe in ka ɗaure gefe biyu daidai, ba abin da zai same ka.

Injiniya Hauwa: Baba, ranka ya daɗe, wannan tarihi gaskiya ne, ba mai musa shi. Kayan farko-farko ba duka suka bi ƙa'idar yadda ya kamata ba, wasu ma an ƙera su tun kafin a kammala ta. Inda nake tsayawa shi ne kalmarka ta "gefe biyu". Suwic yana riƙe saitinsa shekara da shekaru. Ɗaya gefen fa? A sake wa sabar Windows, ta koma oto. A sabunta direban kati, wani lokaci ya koma oto. Katin ya ƙone a sa sabo, oto. Yaron shago ya zare kebul ya mayar wata ƙofa, ya kawo firinta ya sa a wannan. Kowanne daga cikinsu zai dawo da Abba inda yake yau, kuma ba fitilar da za ta yi ja ta gaya masa. Kai kana da littafin da kake rubuta kowace ƙofa, na sani. Shagon Abba ba shi da shi.

Baba Injiniya: To ai sai ya sayi littafi, 'yata.

Injiniya Hauwa: Ya saya Baba, zai amfane shi. Amma ya rubuta "oto" a gaban kowace ƙofa.

Abba Mai Kafe: Na bi ta Anti Hauwa, Baba ka yi haƙuri. Na sa `speed auto` da `duplex auto`, layin ya ɗauke ya dawo, `show interfaces status` yanzu yana nuna a-full da a-100. Na yi `clear counters` na sake kwafe bidiyon, yana tafiya wajen megabayit 11 a daƙiƙa, kuma CRC yana nan a sifili.

Malam Lawal Zariya: Iyakar layin ke nan, kada wani ya ce zai ƙara maka. Raba 100 gida 8, ka cire na kanun ƙunshi, abin da zai rage ke nan. Ƙaramin "a" ɗin da ke gaba kuma shi ne shaidar cewa sasantawa aka yi.

Issoufou Maraɗi: Salamu alaikum. Tunda an buɗe zancen, ga tawa. Mun ja kebul daga ofis zuwa ɗakin karatu, bai kai mita 60 ba. Rauta MikroTik ce mai gigabit, suwic ɗin can ma gigabit, duka oto. Amma da munka jona sai ya yi jim, fitila ta kama ta ɗauke, ta kama ta ɗauke, daga baya ya zauna a 100. Wannan kam ba wanda ya ɗaure komai. Ko nan Baba ya yi gaskiya?

Sadiq Netwok: Ka tilasta shi 1000 kawai a duka biyun, magana ta ƙare.

Injiniya Hauwa: A'a Sadiq, kada ya yi. Gigabit a kan wayar tagulla, wato 1000BASE-T na ƙa'idar 802.3ab ta 1999, ba ya tashi sai da sasantawa, wajibi ce a cikinsa. Dalili shi ne dole ɗaya ya zama jagora mai ba da agogo, ɗaya ya bi, kuma a cikin sasantawar ake raba wannan. Mai ƙofofi da yawa, wato suwic, shi ake fifitawa ya ja. In duka iri ɗaya ne, kowa ya jefa lamba, mai babba ya zama jagora. Bit 16 na farko ma ba su da gurbin 1000, sai an ƙara wasu shafuka a bayansu. A yawancin na'urori in ka zaɓi "1000 cikakke", sasantawar tana nan, ka dai hana ta ambaton 10 da 100 ne. A matsalar Malam Issoufou, hakan zai sa layin ya mutu ɗungurungum.

Malam Issoufou, kebul ɗinka nake zargi. A cikinsa akwai wayoyi 8, tagwaye huɗu. Megabit 10 da 100 tagwaye biyu kawai suke amfani da su, fin 1 da 2, sai 3 da 6, wato ruwan lemo da kore. Gigabit kuwa duka huɗun yake so, har da shuɗi a 4 da 5, da ruwan ƙasa a 7 da 8. Ita kuma sasantawar a kan tagwaye biyun farko kaɗai take gudana. Sai na'urorin su yi yarjejeniya a kan 1000 cikin daɗi, su zo tayar da layi su tarar shuɗi ko ruwan ƙasa ba ya kaiwa. Su sake, su kāsa. Wannan ne kamawa da ɗaukewar da ka gani. Bayan 'yan gwaji, katin da aka ƙera da dabarar sauka ƙasa sai ya janye 1000 daga shelarsa, su zauna a 100. Wanda ba shi da wannan dabara haka zai yi ta kamawa yana ɗaukewa.

Buga `/interface ethernet monitor ether2 once`, ko dai wace ƙofa ce, ka duba layin advertising da na link-partner-advertising.

Issoufou Maraɗi: Hajiya, suwic ɗin can yana shelar 1000 kam. Na ɗauko testa na sa a kai biyu, fitila ta 1 zuwa 6 sunka kama, ta 7 ba ta kama ba, ta 8 ta kama.

Malam Lawal Zariya: Fari mai ratsin ruwan ƙasa ke nan. Ɗaga kan kebul ɗin a haske ka leƙa ta gaba. Ya kamata ka ga ƙarshen tagulla takwas sun taɓo bangon robar, suna ƙyalli a jere. Galibi za ka tarar ɗaya ta tsaya baya kaɗan, haƙorin fin ɗin ya sauka a kan iska. Yanke kan ka sake matsewa, ka daidaita tsawonsu da almakashi kafin ka tura. In an sake kai biyu bai gyaru ba, to a hanya ta karye, ka bi inda ya ratsa ƙofa ko taga.

Ka kuma kankare waya ɗaya da reza. In jan ya tafi fari ya fito, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, irin wanda ya cika kasuwa saboda araha. Saurin karyewa gare shi a wajen matsewa, kuma ba ya kai mita 100 ɗin da ƙa'ida ta yi wa Cat5e na gaske alkawari.

Sadiq Netwok: Haka ne, na tuna masu rediyon kan hasumiya ma. Tsofaffin injekta masu bolt 24, waɗanda ke tura wa rediyo wuta ta cikin kebul ɗin sadarwa, suna ɗora wutar a fin 4, 5, 7 da 8, ba sa wuce da bayani ta nan. Ko rediyon gigabit ne, ko suwic gigabit ne, in irin wannan injekta ce a tsakani 100 za ka samu.

Injiniya Hauwa: Sosai. Ita ma rediyon intanet NanoStation M5 da ta cika rufin gidaje ƙofarta 10 da 100 ce tun daga masana'anta. Abin da nake so mutane su riƙe, in oto ya sauko ƙasa da abin da kake tsammani, labari yake ba ka game da kebul ko abin da ke tsakani. A je a duba.

Baba Injiniya: To bari in kawo wadda ba za ku ture ba. Kamfanin intanet ya kawo maka layi, ya ajiye akwatinsa, ya ce ƙofarmu a ɗaure take 100 cikakke, ba ma canzawa. Ko tsohuwar na'urar masana'anta, ko wata mai juya faiba zuwa tagulla da ake saitawa da 'yan maɓallai a jikinta. Ka bar naka a oto ka gani, kai ne za ka faɗa rabin dufleks, ka yi ta kiran su kana cewa layinsu ba kyau.

Injiniya Hauwa: Wannan kam taka ce Baba, ba ja. In ɗaya gefen a ɗaure yake kuma ba hannunka a kai, dole ka ɗaure naka daidai da shi, ka kuma rubuta a description na ƙofar don wanda zai zo bayanka. Shi ya sa ranar da za a kawo layi tambaya ta farko ita ce, ƙofarku oto ce ko a ɗaure?

Amma in kai ne kake son rage gudu da kanka, misali doguwar waya da ba ta riƙe gigabit kafin a canza ta, akwai hanyar da ba sai an kashe sasantawa ba. Ka rage abin da ƙofar ke shela. A Catalyst `speed auto 100`. A Linux `ethtool -s eth0 autoneg on advertise 0x008`, wannan lambar 100 cikakke ce kaɗai. A MikroTik ka cire alamar 1000 a jerin advertise. Ɗaya gefen zai ji ka, ku zauna a 100 cikakke tare.

Musa Ɗalibi: Anti, a makaranta an koya mana kebul mai giciye na haɗa suwic da suwic. Ni kuma ina ganin ana haɗawa da na kullum yana aiki. Yana da alaƙa da wannan?

Injiniya Hauwa: Yana da ita. Auto-MDIX ke nan, injiniyoyin HP suka ƙirƙiro shi, ƙofa ce ke juya tagwayen aikawa da na karɓa da kanta har ta ji ɗan'uwanta. A suwic irin na Abba, sai gudu da dufleks suna kan oto yake aiki yadda ya kamata. Akwai wanda zai ɗaure ƙofofin da suka haɗa suwic biyu, layin ya mutu nan take, ya rasa dalili. Kebul ɗin miƙaƙƙe ne, dā ƙofar ce ke rufa masa asiri.

Issoufou Maraɗi: Faiba fa? Muna shirin ja zuwa wani gini da ya wuce mita 100.

Malam Lawal Zariya: Faiba ba a sasanta gudu a kanta. Gudun yana jikin ɗan SFP ɗin da ka cusa, wato 'yar na'urar da ake sakawa a ramin suwic a jona mata faiba, na 1G na 1G ne, na 10G na 10G ne, sai ka sayi iri ɗaya a kai biyu, masu tsawon zangon haske ɗaya, masu dacewa da irin faibar da ka ja. A gigabit na faiba, 1000BASE-X, akwai 'yar sasantawa, amma ta dufleks ce da saƙon dakata da sanar da matsala. Inda take cizo shi ne in gefe ɗaya ya kunna ta ɗaya ya kashe: wanda ya kashe zai nuna maka layi ya tashi, wanda ya kunna ya ce babu kowa. In ka ga haka, ko ka kunna a duka, ko ka kashe a duka, a Cisco `speed nonegotiate` ne. Na 10G a faiba ba shi da ita sam.

Baba Injiniya: Issoufou, ƙari a kan na Lawal. In za ka sa SFP na 1G a ramin SFP+ na MikroTik ɗinka, kada ka zaci zai gane da kansa kowane lokaci, sau da yawa sai ka sa ramin a 1G da hannu. Kuma kafin ka biya kuɗi, ka sa mai kayan ya jona maka guda biyun da guntuwar faiba a kan teburinsa, ka ga layi ya tashi a gefe biyu da idonka.